Buga zane a kan yadi: injin zafi kafin firinta

Wata Hajiya daga unguwar Mansur a Makka tana da riyal 3,000, tana so ta riƙa buga zane da rubutun Larabci a kan yadi, ta sa a firam ta sayar wa maƙwabta da alhazai. Tambayarta: me za ta fara saya?

Hajiya, injin zafi, wato mai danne zane a kan yadi da zafi, za ki fara saya, firinta ta dakata. Hanyar da ta fi dacewa da ado na bango ita ce sablimeshan: a buga zanen a takarda ta musamman, a danne ta a kan yadi da zafi, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. Takardar kina iya bayarwa a buga miki a shagon ɗab'i. Firintar gida kuwa, ko Epson EcoTank ce aka zuba wa tawadar sablimeshan, idan ta yi makonni ba aiki bakinta toshewa yake yi, ga garantin ya tafi tun ranar da aka canza mata tawada. Sai oda ta kankama kowane mako sannan ta biya kuɗinta.

Ki nemi inji mai faɗin santimita 38 da 38, ya ishi A4. Ki duba mai wuta 220 ne, kada a haɗa ki da na Amurka mai 110. Dutsen guga ba zai yi ba, zafinsa ba ya bazuwa daidai.

Yadin ya zama fari, foliyesta zalla. A kan auduga launin dishi-dishi yake fitowa, don tawadar ba ta kama zarenta. Ki share gashin yadin tukuna, domin kowane ɗan zare da ya rage ɗigon shuɗi yake zama, kuma ba ya fita. Ki danne yadin shi kaɗai daƙiƙa 5 zuwa 10 ya saki danshi. Sannan ki kifa takardar, ki liƙe gefenta da salatef mai jure zafi, ki shimfiɗa farar takarda sama da ƙasa, ki danne a digiri 195 zuwa 200 na ma'aunin Celsius na daƙiƙa 50 zuwa 60. In takardar ta motsa wajen ɗaga injin, rubutun zai fito da inuwa, kamar an buga sau biyu. Kuma a juye ake buga zanen, kamar a madubi. Wanda ya manta, Bismillah ɗinsa daga hagu za ta fara. In aya ce, a ba mahaddaci ya duba wasullan kafin bugu, yadin da ya lalace kuma ba na kwandon shara ba ne.

Wajen lissafi, ba tawada ke cin kuɗi ba, firam ne. A ce yadi da takarda sun ci riyal 7, firam 20, kin ga kusan kashi uku cikin huɗu a katako suka tafi. Ki ƙara asarar ɗaya cikin goma a watannin farko, da wuta, da ladan hannunki, kafin ki yanka farashi.

In da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, kike zaune, ki daidaita takardunki kafin ki fara talla. Kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, wato tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Maƙwabta ki sayar musu da firam. Alhaji kuwa kowane kilo lissafa shi yake yi a filin jirgin Jidda, gilashi kuma ba ya isa Kano lafiya. Shi ki naɗe masa yadin a kwali mai kama da bututu, ki bar rarar santimita 5 a kowane gefe yadda kafinta zai ja ya ɗame a kan katako idan ya isa gida.