Amsa ga mai turaren wuta: Instagram ko WhatsApp?

Hajiya, kin tambaya ko ki buɗe wa sana'arki ta turaren wuta da humra shafi a Instagram, ko ki tsaya a WhatsApp kawai.

Instagram kasuwar ido ce. Mai ɗinki ko mai lalle hoto ɗaya ya ishe ta, an ga aiki an yaba. Ke kuwa ƙamshi kike sayarwa, shi kuma ba ya shiga kyamara. Kwalbarki da tambarinki ne za su yi magana a madadinki. In har yanzu a tsohuwar robar man shafawa kike zubawa, gyara wannan tukuna. Sannan gajeren bidiyo, irin na Reels da suka fito a 2020, ya fi hoto: kasko, garwashi, hayaƙi na tashi, kina bayanin haɗin.

Su wa ke sayen kayanki? In matan unguwa ne da 'yan'uwa, status ɗin WhatsApp ya wadatar. In kuwa amare kike hari da 'yan matan Abuja da Kaduna, to a Instagram suke. Sai dai ki shirya aika kaya ta tasha, da jure masu tambayar farashi su ɓace.

Ni dai shawarata, buɗe shafin Instagram ɗin, ki mayar da shi na kasuwanci, kyauta ne, zai nuna miki garuruwa da shekarun mabiyanki. Ki haɗa shi da lambar WhatsApp, tunda duk na kamfani ɗaya ne, wato Meta. Gwada wata uku ba tare da biyan kuɗin talla ba, kina tambayar duk wadda ta saya inda ta gan ki.