Amsar Goggo kan abincin ranar suna

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce dangin mijinki a Abuja suna so a ɗauko mai girki ta yi dafa-duka a zuba a robobi ranar suna, kina tambaya ko barin waina da miyar taushe ya saɓa wa al'ada.

Bai saɓa ba. Tukunyarmu ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, balle a nan Jos. Kakanninki haƙar kuza ce ta kawo su, da geronsu da dawarsu, suka tarar da Birom suna noman acca suna yin gwate, muka koya a wurinsu. Dankalin turawa sunansa ma ya faɗi mai shi, amma yau daga Bokkos da Mangu ake lodinsa, ba mai ce masa baƙo.

Shinkafar da kike gani kullum, a ƙuruciyarmu sai da sallah. Kuɗin mai na shekarun 1970 ne suka buɗe wa 'yar waje ƙofa, zamanin Shagari har kwamiti aka kafa don shigo da ita. Da aka rufe iyakoki a 2019 kin ga yadda muka koma tsince tsakuwa a 'yar gida. Ita kanta wainar, ta gero na fara sani.

Abin da ke ci mini rai daddawa ce. A dafa kalwa kwana guda, a sussuke ɓawon, a wanke, a rufe ta kwana uku har ta nuna, sannan a kirɓa a shanya. Wannan wahalar ce ta sa Maggi ya kore ta, na sani, ni ma ina jefawa. Amma miyar kuka babu daddawa ruwa ce kawai, kuma yaranku sun tashi suna toshe mata hanci.

Sai kwano. Roba ta wanda ya zo ce. Da, yara ake aika da langa gida-gida, har tsohuwar da ba ta iya fita ta san an yi suna. Wannan kam kada ki bari, ko maƙwabtanki ba Hausawa ba ne.

Ki bar su su yi dafa-dukarsu, ban da jayayya da surukai kina jego. Zan taho ranar Alhamis in Allah ya yarda, da tanda da daddawa da yajin jego. Ki sa a jiƙa mini mudu uku na shinkafar tuwo, kuma kada ki yi wasa da kunun kanwa.