Hukuncin Ɗaukar Hoton Jijiyoyin Ƙugu Ga Mai Raunin Mazakuta

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni magidanci ne, shekarata 34, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Shekara biyu da suka wuce na yi haɗarin mota, ƙashin ƙuguna ya karye. Na warke har ina tafiya da ƙafata, amma tun daga lokacin ba na iya kusantar iyalina. An ba ni ƙwayoyi, ba su yi aiki ba. Yanzu likitan mafitsara ya ce sai an ɗauki hoton jijiyoyin jinina: za a yi mini allura a gaba don ya miƙe, a ɗora na'ura a auna gudun jini, in an ga matsala kuma a sake wani hoton na jijiyoyin ƙugu. A takardar da aka ba ni an rubuta cewa mai yiwuwa a nuna wa mutum hotunan motsa sha'awa lokacin gwajin. Wani abokina mai karatu ya ce abin duka haramun ne, tunda ba rai ne zai salwanta ba. Matata tana haƙuri, ba ta taɓa cewa uffan ba. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin da ya same ka ya zama kaffara, ya saka wa maiɗakinka da alheri.

Ka je a yi maka hoton, ya halatta. Abu ɗaya zan cire daga ciki, shi ne kallon hotunan batsa, kuma zan zo kansa.

Abubuwa biyu ne a wasiƙarka suka sa na yanke haka ba tare da kai-komo ba: karayar ƙugu, da kuma cewa an riga an jarraba ƙwayoyi. Miƙewar gaba aikin jini ne. Jinin yana fitowa daga babbar jijiyar cikin ƙugu, ya bi ta wata siririyar jijiya da ke ratsawa dab da ƙashi, sannan ya isa gaba. In ƙashin ya karye, yana iya murƙushe wannan jijiyar, yana kuma iya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka, kuma maganin wannan daban yake da na wancan. Likita ba zai iya bambancewa da ido ko da tambaya ba. Gwajin farko, wanda suke kira Dofla, sauti ne ake turawa, ba haske mai ƙuna a cikinsa. Ana yin allurar da ke buɗe jijiya, sai a riƙa auna gudun jini na kimanin minti 20 zuwa 30. In gudun ya gaza santimita 25 a daƙiƙa, alama ce jinin ba ya shiga yadda ya kamata. In kuma yana shiga amma yana zurarewa, wannan ma na'urar tana nunawa. Hoto na biyu, wanda ake zuba ruwan rini a jini don jijiyoyin ƙugu su fito fili, likitoci sun fi yin sa ga irinka: matashi wanda rauni ya toshe masa wuri guda, wanda ake sa ran a yi masa aiki a jona masa wata jijiyar. Ashe kai ne ainihin mutumin da aka tanadi gwajin dominsa.

Na tsaya a kan wannan ne don hukuncin a nan ya rataya. Yawancin masu raunin mazakuta ba sa buƙatar hoto ko kaɗan, bayani da gwajin jini sun wadatar. Da wani ne ya rubuto ya ce shi dai yana so ne ya gani don hankalinsa ya kwanta, alhali sakamakon ba zai sauya maganin da ake ba shi ba, da na ce ya bar al'aurarsa a rufe. Don haka ka tambayi likitanka kai tsaye: in hoton ya nuna toshewa, me za a yi mini? In yana da amsa, buƙatarka ta tabbata.

Wajabcin suturta al'aura da halaccin neman magani, babu mai jayayya a kansu. Mu koma kan maganar abokinka, kuma kada ka raina shi, domin maganar tana da tushe. Imam Sarakhsi, babban malamin Hanafiyya, ya kawo a cikin Al-Mabsuɗ cewa an hakaito daga Imam Shafi'i halaccin mutum ya buɗe tsiraicinsa a yi masa ɗure ta dubura in an ce hakan zai ƙara masa ƙarfin saduwa. Sai Sarakhsi ya raunana wannan, ya ce lalura ba ta tabbata da irin haka, kuma buɗe al'aura don sha'awa ba tare da lalura ba bai halatta ba. Daga nan ne masu hanawa suke ɗauko hujjarsu, ko sun san mafarinta ko ba su sani ba.

Amma a duba da kyau, wane mutum Sarakhsi yake magana a kai? Mai lafiya ne da ke neman ƙari. Kai kuwa gaɓa ce Allah ya ba ka tana aiki, haɗari ya tsayar da ita, kana neman a mayar da ita yadda take. Wanda ya haɗa ku a hukunci ɗaya ya yi ƙiyasi a inda akwai bambanci bayyananne. A wannan wurin dai Sarakhsi ya kawo ruwaya daga Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, cewa mai mummunar rama zai iya buɗewa a yi masa ɗuren, ya kuma inganta ta, da hujjar cewa irin wannan ramar cuta ce da ke ƙarewa da tarin fuka. Mai rama ba a bakin mutuwa yake ba. Ke nan shi kansa Sarakhsi bai sharɗanta salwantar rai ba, cuta tabbatacciya ya sharɗanta. Jijiyar da ƙashi ya murƙushe kuwa, in ba cuta ba ce, me za a kira ta?

Sannan an hana kallon al'aura ne don toshe hanyar alfasha, kuma malaman usulu sun bambanta abin da aka haramta don kansa, kamar mushe, wanda ba a ci sai ana tsoron halaka, da abin da aka haramta don toshe ƙofa, wanda buƙata mai ƙarfi take buɗewa. Da za a ce sai rai zai fita, da ba a yi wa mai basir aiki ba, da ba a duba mai gwaiwa ba, da ungozoma ba ta duba mai jego ba bayan haihuwa. Ban san malamin da ya hana waɗannan ba.

Abin da ya fi damuna a maganar hanawar shi ne ta manta akwai mutum na biyu a cikin lamarin. Matar Rifa'a Al-Ƙurazi ta zo gaban Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, tana kukan mijin da ta aura bayansa, ta ce abin da ke tare da shi kamar gezar tufa yake, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Murmushi ya yi, bai tsawata mata ba, bai ce ta kawo maganar banza ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, cewa ya yanka wa mai wannan lalura wa'adin shekara guda, kuma a kan haka mazhabobin nan huɗu suka tafi. Malamai sun ce hikimar shekarar ita ce yanayi huɗu su zagayo a kansa, ko jikinsa zai dace da ɗaya, ya kuma nemi magani. Shari'ar da ta ɗauki abin nan da girman da zai iya raba aure, ta yaya za a ce tana ganin maganinsa holewa ce? Gaskiya ne Malikiyya sun ce wanda ya taɓa saduwa da matarsa sannan lalurar ta same shi, ba a buga masa wannan wa'adin, jarrabawa ce ta sauka a kanta. To wannan magana ce a kan ikon alƙali na rabawa. Ba ta nufin an ɗauke maka nauyin kare mutuncin matarka matuƙar kana da hanya. A ganina, ga wanda yake da halin biya kuma matarsa tana cutuwa, neman maganin ya wuce halal kawai, ya kusa zama dole.

Wani zai ce: to ai allurar da gangan take tayar da gaba a gaban wani namiji. Haka ne, amma tashi ne na magani, allurar tana sakin naman jijiya ne ko mutum yana jin sha'awa ko ba ya ji. Ba a aunawa sai a wannan halin, kuma abin da buƙata ba ta cika sai da shi, hukuncinta yake ɗauka.

Yanzu batun hotunan. Wasu asibitoci suna yin haka ne domin tsoro da kunya suna matse jijiya, sai sakamakon ya nuna cuta alhali babu. Dalilin nasu na fahimta ne, amma bai kai ya halatta maka kallon tsiraicin wasu ba, domin akwai mafita. Likitoci da kansu suna da tsarin ƙara allura ta biyu in ta farko ba ta wadatar ba, kuma ana iya barin mutum shi kaɗai a ɗaki na ɗan lokaci. Tunanin matarka halal ne. In asibitin zai yarda ta shiga ta zauna da kai a keɓe kafin a auna, wannan ya fi komai tsafta. Ka faɗa musu tun ranar da za a ba ka lokaci, cikin ladabi, cewa addininka bai yarda da kallon ba, kada ka bari sai kana kwance a kan gado kunya ta hana ka magana. Takardar ma cewa ta yi mai yiwuwa, ba ta ce dole ba. In an ce ka taɓa da hannunka don jini ya taru, ka tsaya iya abin da gwajin ke buƙata, kada ka nufi fitar da maniyyi. In maziyyi ya fita, ka wanke gabanka ka sake alwala. In maniyyi ne ya zo da jin daɗi ba da nufinka ba, wanka ya wajaba, babu zunubi.

Ka nemi namiji ya yi maka, Musulmi in akwai, in babu to amintaccen namiji ko da ba Musulmi ba ne. Ba a komawa ga mace sai an rasa namijin da ya iya, kuma a lokacin kada ku keɓe ku biyu. A buɗe iya wurin aiki, a rufe saura da mayafi. Ɗaliban koyon likitanci kuwa, kana da damar ka ce ba ka so su tsaya.

Akwai abubuwan da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kansu ba. Allurar nan takan sa gaban wasu ya ƙi kwanciya. In ya kai awa 4 a miƙe, ka koma asibiti a daren nan, kada ka jira gari ya waye, domin jinin da ya tsaya yana kashe naman wurin, kuma kunyar awa ɗaya tana iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. In kana da sikila, ka faɗa kafin a taɓa ka, haɗarin ya fi yawa gare su. Ruwan rinin da ake zubawa a hoto na biyu ta ƙoda yake fita, don haka mai ciwon ƙoda, da mai shan metfomin na ciwon suga, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin irin wannan ruwan, wajibi ne su bayyana. Ɓoye irin wannan ga likita cutar da kai ne, kuma haramun ne. In kana shan taba ka daina tun yau, aikin jona jijiya bai cika yin nasara ga mai shan taba ba. Kada kuma gajiya da jira ta kai ka ga haɗe-haɗen ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsu ba. An sha samun sinadarin Viagra a ɓoye cikin irinsu, kuma in ya haɗu da maganin ciwon ƙirji na naitiret, jini yana iya faɗuwa warwas har a rasa rai.

Ga sauran 'yan'uwa masu karanta wannan, waɗanda ba haɗari suka yi ba, abin ya zo musu ne a hankali bayan shekara arba'in ko hamsin: jijiyar gaba faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya 3 zuwa 4. Kitsen da ke toshe jijiyoyi yakan fara bayyana a ƙaramar, shi ya sa raunin mazakuta yakan riga ciwon zuciya da 'yan shekaru. Kafin ka ce sammu ne ko sihiri, ka je a auna maka suga da hawan jini da kitsen jini. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana awo.

In lokacin ya faɗo cikin Ramadan, allurar da ruwan rinin da siririn bututun da ake zurawa a jijiya ba sa karya azumi, haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zartar a zamanta na Jidda a 1997. Duk da haka na fi so ka ɗage gwaje-gwajen zuwa bayan salla ko ka yi su da dare, saboda abin da ka iya fita, kuma bayan ruwan rini ana so mutum ya sha ruwa da yawa.

Saura maganar da ka rufe wasiƙarka da ita, cewa matarka ba ta taɓa cewa uffan ba. Ɗan'uwa, shirun mace mai kunya ba yafewa ba ne. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce, kuma mata da yawa a irin wannan hali sukan zaci mijin ne ya daina son su, ko hankalinsa ya koma wani wuri. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da likita ya ce, da ranar da za a yi hoton, da cewa aikin yana iya yin nasara yana iya ƙi, kuma in ya ƙi akwai sauran hanyoyin magani da likita zai yi muku bayani. Kada ka ƙaurace wa shimfiɗarta don jin nauyi, duk abin da ke tsakanin miji da mata na wasa da taɓawa yana nan halal, kuma haƙƙinta ne ka biya mata buƙata da abin da kake iyawa. In ta zaɓi ta zauna bayan ta san komai, ladanta na wurin Allah. In wata rana ta ce tana tsoron fitina a kanta, ka saurare ta da adalci, kada ka riƙe ta don gudun maganar mutane.

Wallahu a'alam.