Kada ka yanke musu intanet gaba ɗaya

Malam, kan tambayarka ko ka yanke wa ma'aikatanka intanet tunda suna wuni a Facebook, ni dai ban goyi baya ba. An gwada haka a wani ofis da na yi aiki a Titin Ahmadu Bello nan Kaduna. Kowa ya koma datar wayarsa, aiki bai ƙaru ba, sai gunaguni.

Bidiyo ne ke cinye lokaci, musamman TikTok da YouTube. Ka sa mai gyaran kwamfuta ya toshe su a na'urar ofis daga ƙarfe 9 har Azahar. WhatsApp kam ƙyale shi, ai ta nan kwastomomi ke nemanku. Sannan ka yanka wa kowa aikin da zai miƙa kafin a tashi.