Shin "a bar kaza cikin gashinta" izinin rufe ido ne?

Wata baiwar Allah daga Azare ta aiko da tambaya. An sa ranar ƙanwarta, sai ta ba da shawarar a je a yi gwajin sikila kafin ɗaurin aure. Gwaggonsu ta ce a bar kaza cikin gashinta, tunda yaran suna son juna kuma kowa lafiyarsa ƙalau. Tana so ta san ko Bahaushe ya yarda mutum ya zaɓi zama cikin rashin sani don hankalinsa ya kwanta.

'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri. Karin maganar da gwaggo ta kawo sahihiya ce, amma ba wurinta ba ke nan. Kaza cikin gashinta cike take da kwarjini, sai an fige ta ake ganin ƙanƙantarta. Shi ya sa ake faɗin wannan magana idan wani yana neman tona abin da tona shi ba zai haifar da komai ba sai kunya: tsohuwar rigimar gado da aka riga aka sasanta, ko wani kuskuren ƙuruciya da mai shi ya tuba ya bari. Ki lura, mai faɗinta ya san abin da ke ƙarƙashin gashin. Rufa wa wani asiri yake yi da saninsa, kuma wannan shi muke kira kawaici ko kara. Wanda ya ƙi dubawa don tsoron abin da zai gani yana yaudarar kansa ne, kuma harshenmu bai taɓa yabon wannan ba. Mu ne muka ce rashin sani ya fi dare duhu, muka ce gaskiya ɗaci gare ta. Ba mu ce a tofar da ita don ɗacin ba.

Ban ce babu inda ake sassauta gaskiya ba. Idan an yi wa mutum rasuwa yana nesa, sau da yawa akan ce masa "jiki ya yi tsanani, ka taho gida", don kada ya kama hanya a gigice. Wannan jinkiri ne na sa'o'i, kuma yana isa za a gaya masa. Addini ma ya bar ƙofa: a hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai sulhunta mutane da alheri ba a kiran sa maƙaryaci. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane. Duk waɗannan suna kare wani ne daga cutarwa.

To, a maganar ƙanwarki wa ake karewa? Mai ɗauke da AS, wato wanda ya gaji ƙwayar halittar sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, lafiyayye ne, ba ya jin komai a jikinsa, shi ya sa "lafiyarsu ƙalau" ba hujja ba ce. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin 4 ya zo da SS, wato ciwon sikila. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, domin ana iya samun biyu ko uku a jere. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, an ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Jihar Kano ma ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024. Kwanciyar hankalin da gwaggo take nema ta 'yan watanni ce, wanda zai biya kuɗinta kuwa yaro ne da ba a shawarce shi ba, wanda zai riƙa kwana yana kukan ciwon ƙashi. Wannan ne ya sa ba zan iya ba ta gaskiya ba, duk da na san ƙauna ce ta sa ta faɗi haka. Ki same ta cikin ladabi, ki ce mata: "Gwaggo, rigakafi ya fi magani, mu je a duba, in sakamako ya yi kyau an ƙara samun natsuwa." In hali ya yi, ki shigo da kawunku ko limamin da zai ɗaura auren.

Wani ɗalibi daga Kumo kuma ya tambaya: majinyaci yana cikin mawuyacin hali amma a ce "da sauƙi", shin ba ƙarya ba ce?

Ɗana, ba ƙarya ba ce, domin mai tambaya da mai amsawa duk sun san amsar gaisuwa ce mai ɗauke da fata da godiya ga Allah. Mai son sanin haƙiƙa yakan ja ɗan uwan majinyaci gefe ya ce "yaya dai ake ciki?", a nan ake gaya masa. Inda nake jan kunne shi ne gaban likita. Na ga dattawa masu hawan jini, ciwon da yakan daɗe bai nuna alama ba, suna amsa wa likita da "da sauƙi" alhali sun yi makonni ba su sha magani ba. Idan ka raka mahaifinka asibiti ka ji ya amsa haka, ka bari ya gama, sannan ka nemi izininsa ka gaya wa likita yaushe rabonsa da magani da kuma abin da ka gani a gida.