'Yantattun bayi a sahun farko: sun fita yaƙi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk sanda aka zo maganar bayin da suka musulunta a Makka, azabar da Bilal ya sha da kiran sallarsa kawai muke ji. Akwai wasu irinsa? Kuma sun fita yaƙi tare da Manzon Allah (SAW)?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Akwai su, ɗan'uwa, kuma da su aka fara. Buhari ya ruwaito Ammar ɗan Yasir yana cewa ya ga Annabi (SAW) a lokacin da ba kowa tare da shi sai bayi biyar, mata biyu, da Abubakar. Shi Abubakar dukiyarsa ya riƙa zubawa yana sayen waɗanda ake azabtarwa yana 'yanta su, har mahaifinsa Abu Ƙuhafa ya yi masa faɗa, wai me zai hana ya 'yanta ƙarfafa da za su tsare masa baya.

A cikin waɗanda ya 'yanta akwai Amir ɗan Fuhaira. Kwana ukun da aka yi a kogon Saur lokacin hijira, shi ke kora tumaki zuwa wurin da dare, a tatsa a sha, sannan garken ya bi ta kan sawun masu kai labari ya shafe shi. Ya halarci Badar da Uhudu, ya yi shahada a Bi'iru Ma'una a shekara ta 4 bayan hijira.

A Badar, ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2, Musulmi 14 ne suka yi shahada, kuma masu sira sun ambaci Mihja'u, wanda Umar ya 'yanta, a matsayin na farkon da kibiya ta kayar. Bilal ma yana wurin. Shi ya hango Umayya ɗan Khalaf, ubangidan da ya riƙa ɗora masa dutse a ƙirji cikin zafin rana, yana fursuna a hannun Abdurrahman ɗan Auf, ya yi wa Ansar kururuwa, suka taru a kansa har aka kashe shi. Salmanul Farisi kuwa bauta ce ta hana shi Badar da Uhudu. Sai da ya biya fansar kansa, bishiyar dabino 300 da zinariya, sahabbai suka taya shi, kafin ya kai ga yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5, inda ya ba da shawarar haƙa gwalalo.

Amma abin da nake so ka riƙe, wanda wa'azi ya cika tsallakewa, shi ne an ba su jagoranci. Zaidu ɗan Harisa an sayo shi ne a kasuwar Ukaz, Nana Khadija ta ba Annabi (SAW) shi, ya 'yanta shi. Shi kaɗai ne sahabin da Alƙur'ani ya kira sunansa, a Suratul Ahzab aya ta 37. Annabi ya sha naɗa shi kan runduna. A Mu'uta, shekara ta 8, mayaƙa 3,000 suka fita, aka ce Zaidu ne shugaba, in ya faɗi sai Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, in ya faɗi sai Abdullahi ɗan Rawaha. Ka duba jerin nan da kyau: tsohon bawa a gaban ɗan baffan Annabi, a cikin Larabawan da nasaba ita ce komai a wurinsu. Da tuta a hannu Zaidu ya yi shahada.

Haka Salim, maulan Abu Huzaifa ('yantaccen bawan gidansa), ya yi wa Muhajirai limanci a Ƙuba, har da Umar a bayansa, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani. Shi ma tuta yake riƙe da ita ranar da ya faɗi a Yamama, zamanin Abubakar.

Kada ka ɗauka abin ya shige wa kowa cikin sauƙi. Da Annabi (SAW) ya naɗa Usama ɗan Zaidu kan runduna dab da wafatinsa, wasu sun yi gunaguni. Ya amsa musu cewa in sun soki shugabancin Usama, ai sun soki na mahaifinsa a baya, ya kuma rantse da Allah cewa Zaidu ya cancanci shugabancin. Wallahu a'alam.