Bodarin Amurka a ɗakin haya, da sauran tambayoyinku kan dabbobin gida

*Likita, 'yar magen yarana ta faɗa cikin duron ruwa da daddare. Muka ciro ta ba ta motsi, muka yi ta jijjiga ta, ba ta tashi ba. Ƙaramar 'yata har yau kuka take yi, ni kuma ina ta tunanin da na san abin yi da wataƙila ta rayu. Saura 'yan mage biyu a gidan. Me zan yi in haka ta sake faruwa?* — Wata uwa daga Agege

Hajiya, sannu da haƙuri, ki kuma lallashi yarinyar. Kada ki ɗora wa kanki laifi. Ko a asibitin dabbobi mai cikakkun kayan aiki, mafi yawan maguna da karnukan da zuciyarsu ta tsaya ba sa komawa gida a raye. Duk da haka ana samun masu tashi, musamman in an fara taimakon a mintunan farko.

Jijjigawa ba ta da amfani. Ki ɗan karkata ta, kai ƙasa, na 'yan daƙiƙoƙi don ruwan baki da hanci ya zube, sannan ki kwantar da ita ta gefe a kan abu mai tauri, tebur ko daɓen siminti, ban da katifa. Ki zuba wa haƙarƙarinta ido kamar daƙiƙa 10. In yana ɗagawa yana sauka, tana numfashi ke nan, kada ki danna mata ƙirji; goge ta da tawul, naɗe ta, ki nufi likita. In babu motsi, buɗe bakin, jawo harshen waje, ki duba ko wani abu ya toshe maƙogwaro.

Wurin zuciya ba shi da wuyar ganewa. Lanƙwasa ƙafar gaba zuwa baya, inda gwiwar ta taɓa ƙirji, nan take. Ki kama ƙirjin da hannu ɗaya, babban yatsa a gefe guda, sauran yatsun a ɗaya gefen, ki riƙa matsawa har ƙirjin ya shiga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin faɗinsa. Saurin da ake so shi ne sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. A nan mutane suka fi kuskure: tausayi ya sa su yi ta shafa a hankali, ko kuma su matse ba sa saki. Sai kin sassauta bayan kowace matsa sannan zuciyar za ta sake cika da jini.

Bayan matsa 30, rufe mata baki, miƙe wuyan ya yi daidai da gadon baya, ki ɗora bakinki a kan hancinta ki hura sau biyu. Iskar da ke cikin kumatunki ta ishi 'yar mage. Da kin ga ƙirjin ya ɗago, ya isa, don huhunta ƙarami ne, hurawa da ƙarfi na iya yi masa rauni. Koma kan matsa 30, hura biyu. Sai bayan minti 2 za ki tsaya ki duba, kuma in akwai wani a kusa ku riƙa karɓar juna, don hannu na gajiya ba tare da mai shi ya sani ba. Wani ya nemo abin hawa, aikin kuma ya ci gaba a cikin motar, ba za a jira gosulo ya saki ba. In an kai kamar minti 20 babu alama, ki haƙura.

Kada ki taɓa sa bakinki a hancin dabbar da ba ki san ta ba, ko wadda ke dalalar da yawu, ko wadda ake zargin ta ci guba. Irin wannan matsawa kawai ake yi mata. Wadda ta farfaɗo ma sai likita ya gan ta a ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i. Duron nan kuma a yi masa murfi mai nauyi yau ɗin nan, tun da akwai ƙananan yara a gidan.

*Likita, na ga wani a Instagram yana sayar da sikank, irin mai baƙi da fari ɗin nan na Amurka. Ya ce an cire masa abin wari, an yi masa duk rigakafi. Naira 450,000 ne, zan ba da rabi kafin alƙalami, sauran in an kawo. Ɗaki ɗaya nake haya. Me yake ci, kuma farashin ya yi?* — Wani matashi daga Idi-Araba

Ɗana, riƙe kuɗinka. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma tun daga maganar mai tallar ƙarya ta fito. Babu wata allurar rigakafin haukan kare da aka amince da ita don sikank, ko a Amurka. A can yana cikin manyan namun dajin da ke ɗauke da cutar, tare da jemagu da yanyawa. In na gida ya ciji mutum, hukuma na iya karɓe shi a kashe don a gwada ƙwaƙwalwarsa. Shi ya sa mafi yawan jihohin Amurka suka hana kiwonsa. A Ingila ana ajiye shi, amma tun dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ba a yarda a cire masa jakar warin ba. To wanda ya ce maka "an yi masa duk rigakafi", ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa ya san kai ne ba ka sani ba.

Ka nemi ya nuna maka takardar izinin shigo da dabba ta NAQS, hukumar da ke tantance dabbobi da tsirran da ake shigowa da su ƙasar nan, da takardar lafiya daga ƙasar da aka ɗauko shi. Ka ce za ka je da likitan dabbobi ku gan shi ido da ido kafin kobo ya fita. A nan hirar takan mutu. In kuwa ka riga ka tura rabin, gobe za ka ji kwastan sun riƙe kaya a filin jirgi, jibi kuɗin keji, gata kuɗin takarda, har ranar da lambar za ta daina shiga.

Wani lokaci kuma a kawo maka dabba ɗin, amma bodari ne, namu na gida, wanda wani ya kamo da tarko a dajin arewa. A hoto suna kama, sai dai ko dangi ɗaya ba su fito ba. Ka duba fuska: bodari yana da farin tabo uku, ɗaya a goshi, ɗaya a kowane kunci, da fararen layuka huɗu a baya. Siriri ne, da wuya ya kai kilo ɗaya da rabi. Sikank kuwa siririn farin layi ne ya ratsa tsakiyar fuskarsa, farin keyarsa ya rabu gida biyu zuwa wutsiya, jikinsa a cike kamar ƙosasshiyar mage. Bodari nama yake ci, ɓera, maciji, tsuntsu, ƙwai, don haka kajin maƙwabta sun shiga uku. Kuma babu wanda ya cire masa komai. Wannan aikin likita ne ke yin sa tun dabbar tana 'yan makonni, ba mai tarko ba.

Warin nan daga jaka biyu yake fitowa a gefen dubura, ruwa ne mai maiƙo da sinadarin farar wuta, sikank yana iya fesa shi nisan mita 3. Ya shiga ido, yaji da rufewar gani na ɗan lokaci. Ya shiga katifa, sai dai a jefar. A gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, fesa ɗaya ta isa mai gida ya ba ka takardar tashi. Wanda tsautsayi ya riga ya afka masa, ruwan tumatir da turare ɓata lokaci ne. Abin da ke karya warin shi ne lita 1 ta ruwan haidirojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, da rubu'in kofi na bekin soda, da ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa. A haɗa a buɗaɗɗen bokiti, a yi amfani da shi nan take, a kiyaye ido, a ɗauraye bayan minti 5. Kada a ɗura sauran a kwalba a rufe, fashewa zai yi. Yana kuma koɗar da launin tufafi.

A ce ma na gasken aka kawo, an cire jakar. Dabba ce da ke tashi in magariba ta yi, kai kana neman barci tana tonon leda da ƙasan ƙofa da dogayen faratanta, tana buɗe kabad. Ba ta san ƙoshi ba. In aka sake mata abincin mage ko ragowar tuwo da shinkafa, ƙiba ce za ta kama ta, in kuma abincin ya rasa sinadarin gina ƙashi, ƙafafu su lanƙwashe. Kayan lambu take buƙata kullum, da ɗan dafaffen nama ko ƙwai, a kan awo, da maganin tsutsar ciki a kai a kai. Tana iya kai shekara 10. Ranar da ta kwanta ciwo, wane likita za ka kai wa a Legas wanda ya taɓa duba irinta? In ka gaji da ita kuma ba ta sakuwa, don an raba ta da makaminta ɗaya tilo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan ba a kan sikank ya tsaya ba. Jabu ya cika harkar dabbobi a garin nan, mu kuma muna biya da murmushi. Ana sayar da kwikwiyo da katin rigakafi wanda babu tambarin kwalbar allurar a jiki, babu lambar rukuni, babu sunan likita. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta kwana uku a firjin da babu wuta, ko ta yini a jakar mai babur cikin rana, ruwa ce kawai aka tsira wa dabbar, ko da daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ta fito. Kowane mai farar riga da sirinji ya zama "dokta", alhali likitan dabbobi na gaskiya yana da lambar rajista daga majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, kuma ba ya jin haushi in ka tambaya. Magani babu lambar NAFDAC, ko an kankare ranar lalacewarsa, ko an ɗura shi a kwalbar da ba tasa ba, ka bar shi komai arharsa. Sai ka ga mutum ya yi sa'a guda yana cinikin tumatir a kasuwar Mile 12, amma ya tura dubu ɗari biyu ga wanda hoto kawai ya gani.

In sha'awar dabba ce, nemi 'yar mage a unguwa, kyauta ma za ka samu, ka kai ta rigakafi tana wata 3. Kuma kowace dabba ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

*Likita, ni maigadi ne. Ƙaramin karen maigidana ya lashi wurin da aka fesa fiya-fiya, ya fara rawar jiki da kumfa. Na ɗura masa manja, da ƙyar ya rayu. Manjan ne maganin?* — Daga Ikoyi

Malam, ka yi ƙoƙari, amma karen sa'a ya ci. Manja ba ya karya guba. Dabbar da ke rawar jiki ba ta iya haɗiya daidai, man sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ta tsira daga guba ta mutu da ciwon huhu. Haka madara, haka ruwan gishiri. Fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin DDVP, alamarsu yawu, zawo, rawar jiki da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Makarinsu allurar atirofin ce, likita ke yin ta bisa nauyin dabbar. Aikinka shi ne ka fitar da shi iska, ka sa safar hannu ko leda ka wanke jikinsa da sabulu in ya taɓa, ka ɗauki kwalbar ku tafi tare. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai, amma har yau ana fesa shi a ɗakin kwana.

Shinkafar ɓera ta fi yaudara. Irin mai tsinka jini ba ta nuna komai sai bayan kwana 3 zuwa 5, sannan dasashi ya yi fari fat, dabbar ta yi laushi. Kada a jira alama. Akwai makarinta, bitamin K1, in an je da wuri.

*An kawo min 'yan tsaki 100 daga Ibadan, wasu sun iso a galabaice. Kakata ta ce in kife musu ƙwarya in riƙa bugawa. Yana yi?* — Wata mai kiwo daga Ikorodu

'Yata, a gaida Kaka, amma a ajiye ƙwaryar. Wanda ya tashi da bugun, firgita ce ta tashe shi, dama bai yi nisa ba. Ƙishirwa da wahalar hanya ke damun su. Narka gulukos giram 50 a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki tsoma bakin kowane ɗaya a ciki, kada ki ɗura. Abinci sai bayan sa'a 2. Ɗumin makon farko digiri 32 zuwa 35 ne: in sun cure wuri guda sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. In da gawayi kike ɗumama su, bar kafar iska. Gaba kuma ki sa a kawo miki su da asuba.

*Magena tana zazzaɓi, rabin farasitamol ya ishe ta?* — Daga Obalende

Ya ishe ta mutuwa. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Kuma da me ka auna zazzaɓin? Zafin jikin mage mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, dole ka ji ta da ɗumi a hannu. In ta yini ba ta ci ba, kai ta asibitin dabbobi. In kuma ka riga ka ba ta, tashi yanzu.